Jan Manja

Hajiya Azara ta Kejetiya ta ce,
"Fuseni, shafi nake so mai kyau,
ja irin na manja, ba irin na jini ba."
Na ce to. Ban gaya mata ba
ja a wurina haruffa shida ne
da na'ura ke raɗa mini a kunne.

Shekara bakwai ina aiki a bayan bango,
inda lissafi ke gudu ba mai leƙe.
Yau an ce in fito in ƙawata zaure.

Sai na auna shafin kamar ɗakina na Aboabo:
taku huɗu daga ƙofa zuwa gado,
tafin hannu tsakanin buta da bango.
Suna a sama, farashin atamfa a ƙasa,
maɓallin saye inda yatsa zai faɗa ba lalube.

Da la'asar na kira Memuna 'yar ƙanwata,
na kunna mata hasken da ban taɓa bukata ba.
Ta yi shiru, sai ta tuntsire:
"Kawu, hoto ya hau kan rubutu
kamar buhun doya a cinyar fasinja!"
Na ƙara tazara, sha shida. "Yanzu fa?"
"Ya sauka."
"Jan fa?"
"Tumatir ne."

Aka ɗauke wuta, unguwa ta ja tsaki.
Ni dai ina rage tumatir lamba-lamba,
ina laluben manja,
har Memuna ta ce, "Tsaya nan, Kawu.
Ya fara sa ni jin yunwa."