Layin Da Na Ja A Kan Dutse

A hawa na tara, a birnin Lima,
inda hazon teku ke lasar tagogi har rana tsaka,
aka shimfiɗa mini ƙasarmu a kan teburi,
an goge ta sumul, kamar ba ta taɓa sanin tudu ba.
Aka ce, "Nelida, ga jan biro.
Ɗaura mana gona da tashar jiragen ruwa,
ɗaura mahaƙar tagulla da layin dogo.
Wata shida gare ki."

Na ja layi.
Layi ba ya haki, ba ya shan mai.
Daga Huancayo zuwa Callao taƙi ɗaya ne da 'yan yatsu biyu.

Alƙaluma sun gaya mini abin da suka sani:
cikin manyan motoci goma masu gangarowa da dankali,
huɗu kan koma sama ba komai cikinsu sai iska da igiya.
Buhu yakan kwana uku a ƙofar tasha
yana jiran hatimin wani da ya tafi cin abinci.
Na rubuta duka, na ƙawata da launi.

Da dare na kira kawuna Fortunato,
wanda ya ba hanyar nan shekara talatin da ɗaya da gwiwarsa ta hagu.
Ya ɗauka yana tari.
Yana Ticlio, can inda numfashi ke tsada,
mota ɗari biyu a gabansa,
dutse ya zaftaro tun shekaranjiya.
"Karanto mini layin naki," in ji shi.
Na karanto.
Ya yi dariya har tarin ya dawo.

"'Yar nan, wurin da kika ratsa,
duk Fabrairu tudu kan sauko shan ruwa a kogi,
kuma ba ya sallama.
Inda kika sa rumbun sanyi, wuta ba ta kwana.
Inda ba ki sa komai ba,
nan Eulalia ke dafa mana romo da asuba,
nan muke jin wa ke neman kaya, wa ke neman mota.
Ofishinku ne, ba ku sani ba."

Asabar na hau gefensa.
Kaina ya sara, kunnena ya toshe,
na yi amai sau biyu a kan taƙi ɗayan nan.
Gani ya kori ji.

Na dawo na kankare layi har takarda ta huje.
Sabon ya fito a karkace,
yana kewaya, yana raɓewa, yana roƙon dutse hanya,
ya tsaya a ƙofar Eulalia ya sha romo,
ya sauke dankali a bakin dogo,
ya ɗauki taki da gishiri ya koma sama da nauyinsa.

Darakta ya duba ya yamutsa fuska.
"Wannan ai ya fi tsada. Kuma ba shi da kyan gani."

Na zura hannu a jaka,
na ajiye masa dankali guda a tsakiyar taswira,
wanda ya kwana biyar a Ticlio,
ya yi baƙi, ya yi ruwa, yana wari.

Har yanzu tabon yana nan,
daidai inda tsohon layin ya bi.