Gurbi na Biyar

Ƙarfe ɗaya na dare, likita ta yi tsit,
sai fankar labo mai tarin tsufa.
A ɗaki na bakwai Lawali majemi
yana ƙuna kamar dutsen Birni da azahar.
Wuƙar aiki ce ta ɗan lashe shi a ƙafa,
yau kwana tara.
Ya sha ja-da-rawaya na mai tire a Kasuwar Dole,
ƙwayoyin cuta suka yi kalaci da shi, suka nemi ƙari.

Na ɗiga ruwan mikin a kan 'yar na'ura
da ba ta kai farcen babban yatsana ba.
Gurbi shida gare ta, kamar an yanko gefen dara,
kowanne an tsugunar da magani ciki,
ƙarƙashinsa zaren zinariya, gashin jinjiri ya fi shi kauri.
Ba ta da ido. Kunne gare ta.
In sun ci, ruwan ya yi tsami, ta ji.
In ɗaya ta tsage ta zama biyu, biyu huɗu,
zaren ya kai tsegumi ga allo.

Da, kwana uku muke jiran faranti ya yi magana.
Na san katifun da aka fitar shanya
kafin amsa ta iso.

Layi shida suka tashi.
Na fari ya hau kamar kuɗin hatsi da bazara,
na biyu na bin sawunsa.
Kuran ya ɗauke, batir ya riƙe.
Daga ni sai sauro sai koren haske.

Barira ɗiyarsa ta leƙo ta taga, jarka a hannu,
famfon ɗakinsu bai ɗiga ba tun Talata.
"Me suka ce?"
Na ce, "Ci suke tukuna."

Wajen ƙarfe huɗu na biyar ya yi tuntuɓe.
Ya ja ƙafa, ya sake gwadawa,
ya kwanta irin kwanciyar jakin da ya ƙi kaya.
Ban yarda ba. Na ba shi rabin awa.
Bai tashi ba.

Na rubuta sunan a takarda, hannuna na rawa,
ban san ko akwai shi a farmasi ba,
ban san fata nawa zai ci ba.
Barira ta naɗe takardar a bakin zane, ta ruga,
ta mance jarkar.

Ladanin Zango ya gyara murya.
Sauran biyar ɗin suna ta hawa.