Lambar da Ba a Gogewa

Mahaifina ya yi shekara talatin da ɗaya
a tashar jiragen ruwa ta Klaipėda,
allo a hannu, fensir a bayan kunne,
yana karanta jikin kwantenoni.
Haruffa huɗu, lambobi bakwai.
In ƙanƙara ta rufe su, ya kankare da bakin hannun riga.
Bai taɓa tambayar akwati abin da ya haɗiye ba,
sunansa kawai yake so, da wanda ya sa hannu.

Ni ma kwantena nake ƙirgawa,
sai dai nawa ba tsatsa, ba ƙofa, ba nauyi.
Hawa na huɗu, daura da kogin Danė,
bututun ɗumama ɗaki yana tari,
shayina ya huce tun ƙarfe biyu.

Ga inda gizo ke saƙar:
kanel, cibiyar da komai ke ratsawa a cikin na'ura,
bai san wani abu wai shi kwantena ba.
Ya san aiki, ya san 'ya'yan aiki,
ya san labulen da ke raba wannan da wancan.
Mu ne muka ɗaura labule biyar ko shida
muka raɗa musu suna a waje.
Shi maigidan ba a gayyace shi sunan ba.

Daren Talata wani ya buɗe fayil ɗin da ba nasa ba.
Kundin bincike ya rubuta tsaf:
ƙarfe biyu da minti goma sha bakwai, aiki kaza.
Daga wane akwati? Shiru.
Kafin gari ya waye akwatin ya mutu,
ɗari sun tsiro a gurbinsa.
Ga sawu, babu ƙafa.

Sai na ce a ba kowanne lamba,
sau ɗaya tak, daga hannun wanda ya gina shi.
Kada ya zaɓa da kansa, kada ya goge.
In ya haihu, ɗan ya gada, jika ma haka.

Gintaras ya cire tabarau ya ce,
to in akwati ya yi cikin wani akwatin fa?
Sunan uwa za a rubuta, ko na ɗa, ko duka zuri'ar
har layin ya fi takardar tsawo?
Aušrinė ba ta ɗago kai ba ta ce,
saƙo ya faɗo ta waya, ba aikin da ya karɓe shi tukuna,
akwati uku suna shan iska ta taga ɗaya.
Baƙon wa ne?

Wannan ne zubi na tara. Hunturu huɗu ke nan.
Ba gardama ce ke hana ni barci ba.
Ƙofar da aka buɗe a jikin kanel zarar bunu ce.
Wani da ba a haifa ba tukuna zai jingina aikinsa da ita,
kuskurena ya zama bangon ɗakinsa.

Ran Lahadi na kai wa Baba kifi mai hayaƙi.
Yana ta cinye masa ido ɗaya,
amma ta tagar kicin yana gane kowane kuren da motsinsa.
Na zayyana masa duka. Ya tsame ƙaya daga baki,
ya ce, lambar ƙarshen nan ba ta akwati ba ce,
an sa ta ne ta kama ƙaryar 'yan uwanta.
Ke wa ke tsaron taki?

Na koma ofis da ƙarnin kifi a yatsu.
Na ƙara layi goma sha ɗaya:
duk ran da aka raɗa suna,
kundi ya rubuta wanda ya raɗa,
har da wanda ya gwada aka hana shi.

Gintaras zai sami abin cewa gobe.
Can ƙasa wani jirgi yana busa, yana neman hanya.