Abin da Bai Hau Sikeli Ba

Ni ne malamin awo a siton Alhaji Mati,
bayan kasuwar Maigatari, inda tirela ke juyawa.
Biro a kunne, littafi a cinya,
duk buhun zoɓon da ya hau sikeli
sai ya bi ta hannuna.

Wata Talata ya zo bayan la'asar,
ya taka buhu, ya ɗaga murya:
"Ku cika min tirela biyu kafin Alhamis ta sama,
kowa dubu ashirin, ban da kuɗin yini.
Kun san ba na magana biyu."
Barira ta rangaɗa guɗa. Gambo ya ɗaga hula.
Ni kuwa biro yana kunnena,
ban sauke shi ba.

Kwana takwas mata na tsinta,
suna fid da tsakuwa da kara,
har tafin hannu ya rine kamar an kwana da lalle.
Kulu ta bar goyonta wurin maƙwabta.
Gambo ya yi dako da ciwon ƙugu,
ya ci bashin taki a kan kuɗin da bai gani ba.
Da fitilar waya aka ɗinke buhun ƙarshe.
Daren Laraba tirela ta biyu ta ɗaga.

Ranar biya aka ƙirga na yini cif,
aka zuge jaka.
Barira ta ce, "Alhaji, saura na sama."
Ya ce, "Wane sama?
Cewa na yi in kasuwa ta yi kyau.
Farashi ya karye tun kaya na hanyar Ikko,
ku tambayi kowa."

Aka shimfiɗa tabarma a zauren dagaci.
Wani ɗan lauya, jikan Kulu ta wajen miji,
ya zo daga Gumel a kan babur.
Ya ce, "Alkawarin baki ma alkawari ne,
in dai an zubar da gumi a kansa.
Doka ba ta raina harshe, shaida take nema.
Su duka masu nema ne.
Wa ya ji, wanda ba shi da ko sisi a ciki?"

Zaure ya yi tsit.
Idanu suka taru a kaina
kamar kaji sun ga mai tsaba.

Ina da 'ya'ya biyar.
Kwanon da ke kan ɗakina Alhaji ne ya saya.
Na dubi tabarma, na ƙirga saƙarta,
na ce, "Ranka ya daɗe,
janareta na ƙugi a ranar.
Na ga bakinsa na motsi,
ban kama abin da ya ce ba."

Ranar babu mai a janareta.
Ni na rubuta haka a littafi.

Dagaci ya yi sulhu irin na manya:
a ba kowa dubu biyar, don Allah da zaman tare.
Alhaji ya kira shi alheri.
Barira ta tofa yawu a yatsa, ta ƙirga sau biyu,
ta ƙulle a bakin zane,
ta ce, "Na karɓi biyar. Saura sha biyar."

Kaka ta zagayo, zoɓo ya dawo,
ita ma ta dawo, don tukunya ba ta san fushi ba.
Kullum in ta ɗora buhu a sikeli
ba ta gaishe ni, ba ta zage ni.
Allurar awo kawai take kallo,
ta ce, "Malam, rubuta.
Wannan dai ka ji nauyinsa."

Jiya da dare na buɗe shafin ƙarshe,
na sa ranar, na sa maganar yadda ta fito,
har da guɗar, har da hular Gambo.
Tawada ta bushe.
Na rufe littafin, na tura ƙarƙashin filo.
Bai kai rabin kilo ba,
amma har asuba wuyana bai miƙe ba.