Faranti a Kan Rufin Bas

Gidana ƙafa huɗu gare shi, duka na roba.
Tsohuwar bas ce na cire wa kujeru,
katifa a inda fasinja ke gyangyaɗi a da,
murhu a bakin ƙofa, buta a gindin sitiyari.
Lahadi ina Pitowa, Alhamis ina Adumri,
ina sayar wa makiyaya kanwa da maganin shanu.
Rana ba ta dame ni ba.
Dare ne ya yi mini yawa.

Ran Talata na shiga kasuwar Garwa,
zafi na dukan kwano kamar mai bin bashi.
Hamajam mai shagon wayoyi
ya kife mini faranti uku a ƙasa
kamar mai tallar ƙwarya.

"Babban nan, Baba, ko ana tsuga ruwa yana gani."
Na ce, iskar gadar Binuwai fa?
In na ɗaure shi a rufi,
ni da shi sai tsakiyar dorinai.
"Ƙaramin yana shiga ƙarƙashin gado,
amma hadari na haɗowa zai makance."
Na ɗauki na tsakiya, na ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa,
ya amsa da muryar tasa mai kyau.

Sai batun kati.
Na wata-wata, tasha ta fi ɗari biyu, har da ƙwallo,
jaka goma, ko ka kalla ko kana jeji.
Na ce, watan da shanu suka gangara kudu,
wa zai biya? Kanwa?
Na kyauta kuwa wa'azi ne, da labaran Yawunde,
da wani mai farar hula yana soya abin da ban san sunansa ba.
Na ce ya ishe ni.
Ba idona ne ke jin yunwa ba, kunnena ne.

"Kada ka jona shi da batirin injin,
ka sha kallo da dare, da safe ka nemi masu turi."
Na ƙara da faifan sola, na ƙara da waya kamu goma.

Can ya zaro wani ɗan akwati, bai kai tafin hannu ba.
"Wannan shi ne maganin zaman kaɗaici.
Kana juya faranti yana kuka,
in kukan ya yi tsini, ka samu tauraron.
Ba ka bukatar kowa."

Na riƙe shi, na daɗe ina juya shi.
Shekara talatin, in zan yi ribas a lungu,
Ladiyo ce ke tsayawa a baya, mayafi a kafaɗa:
dama, Maikano, dama, tsaya!
Damina biyu ke nan babu mai ce mini tsaya.

Na ajiye masa akwatinsa.

Jiya na kwana a Gidar.
Na bar inuwar maina na faka a fili,
don faranti ba ya shiri da ganye.
Alƙibla ko a duhu na san ta,
wannan sabuwar fuskar kuwa sai da lalube.
Na hau rufi, na kira wani yaro mai tallar gyaɗa,
na ce shiga, ka kalli gilashin, ka gaya mini.

"Babu! Babu! Ya zo! Ya tafi!
Koma baya kaɗan, Baba. Kaɗan fa!
Tsaya!"

Na tsaya.
Hannuna na kan ƙarfe mai ɗumi, ban sauko da wuri ba.

Da na sauko, su tara ne a kan katifata,
har da mai gadin tasha da kofin shayinsa,
mai farar hula yana yanka albasa,
ana gardamar ko irin ta Marwa ce.