Bayan Takarda

A shagon kofin Ottavio, bayan tashar Charleroi,
ruwa na dukan gilashi tun hantsi.
Mu tsofaffi huɗu mun baje takarda a tebur,
za mu jera gwanayen damben Turai,
'yan matsakaicin nauyi, goma cif.

Gaspard ya ce Bafaranshen nan ne na ɗaya,
mai bahagon hannu kamar ƙofar kurkuku.
Leszek ya doki tebur har cokali ya yi tsalle:
"Wa ya kayar? Gajiyayyu da mayunwata!"
Aka soke, aka sake, biro ya huda takarda.
Na uku ya gangaro na bakwai
don ya taɓa ƙin ba Ottavio hannu.

Ni dai ban tanka ba.
Harshena na laluben giɓin haƙora biyu
da na baro a wani zaure a Liège,
daren da Fulbert, mahaƙin kwal,
ya fito daga rami, ya wanke fuska, ya ɗaura safa,
ya shimfiɗe ni a turmi na huɗu.
Shi ya tashe ni, ya ce in yi haƙuri,
yana da aiki da asuba.

Bai ci kambu ba. Jarida ba ta san da shi ba.
Ƙurar kwal ta cinye huhunsa bai kai arba'in ba.

Suka ce, "Kai fa, wa ka ɗora a sama?"
Na karɓi biro, na kife takardar,
na rubuta sunansa a baya,
inda babu lamba.