Jan Biro

Shekara talatin da biyu ina riƙe da alli,
ina koyar da tsofaffin littattafai kamar mai gadin maƙabarta:
a cire takalmi, a rage murya,
kada kowa ya yi dariya sai inda na ce.

Jiya Kyauta, wadda na sha kora waje saboda surutu,
ta same ni a Gangare, cikin zaure,
ruwa na dukan kwano, ƙanƙara na tsalle a ƙofar gida.
Ta ajiye mini littafi mai bango ruwan ɗorawa.
"Malam, ni na rubuta. Kada ka yi fushi."

Na gyara tabarau. Na ɗauko jan biro.

Shafi na uku, jarumin nan da muka haddace kirarinsa,
wanda ya kā da dodo da hannun hagu,
ya suɓuto daga tsakiyar babinsa, tim, a Taminus,
takobi a ƙugu, aljihu ko sisi.
Mai keke ya ce, "Farin Gada ɗari uku."
Ya daka tsalle, ya yi kirari.
Mai keke ya ce, "Baba, kirari ba ya sayen mai."

Na ja layi. Na rubuta a gefe: rashin kunya.

Shafi na ashirin, aljanin da ke ɗaukar birni a tafin hannu
sanyin Jos ya kama shi, mura ta toshe hanci,
ga shi a bencin mai shayi, ƙudundune cikin bargo,
yana roƙon a ƙara citta.
Gimbiyar da aka kulle a soro tun babi na biyu
ta gaji da jiran mai ceto, ta sauko da ƙafarta,
ta kafa rumfar dankali da kabeji,
har dodon tana ba shi bashi.

Biron ya tsaya. Ba ni na tsayar da shi ba.

Wani abu ya taso mini daga ciki, na zaci tari ne.
Mai ɗakina ta leƙo: "Malam, lafiya?"
Na kasa amsawa, hawaye na jiƙa gemu.

Sai can dare na gane abin da yarinyar ta yi.
Wa ke ja wa kaka gemu ya kwana lafiya, in ba jika ba?
Kuma sai ka san tafiyar mutum taku-taku
kafin ka san inda za ka sa masa ƙafa.
Ashe duk surutun nan, tana ji.

Na sauko da tsofaffin daga kan kabad,
na karkaɗe su. Ɗaya, gara ta cinye masa babi biyu.
Na jera su kafaɗa da kafaɗa da nata.
Da asuba, ina alwala,
na rantse na ji ƙus-ƙus daga wajen, da 'yar dariya.

Kyauta, littafinki ya ci.
Amma wuri huɗu kin manta ƙugiyar ɗ,
ɗan sarki ya koma abin da ban sani ba.
Wannan kam, na zagaye shi da ja.